1 ga Oktoba: Ranar da Ake Yi wa Najeriya Alƙawari

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Duk wanda ya bi titin Zariya a ƙarshen watan Satumba, daga Gyadi-Gyadi zuwa tashar Unguwa Uku, ya san alamar. Damina ta fara ja da baya, sabuwar gyaɗa da ɗanyar masara sun shigo gari, sai ka ga yara a bakin danja suna tallan 'yar ƙaramar tuta kore da fari. Masu adaidaita sahu su ɗaura a jikin madubi. Ranar kuwa da ta zo, samari su shafa fenti a fuska, a hau babura ana ta gudu, iyaye suna gida hankalinsu a tashe.

To amma in ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ka ce, ɗan'uwa, me ya faru a wannan rana? Zai ce an ba mu 'yancin kai. Daidai ne. Sai me kuma? Yawanci a nan maganar take tsayawa. Alhali kuwa da wuya ka samu wata rana a kalandar ƙasar nan da aka jibga mata tarihi kamar 1 ga Oktoba, kuma abin da zai ba ku mamaki shi ne yadda Kano take fitowa a kusan kowane babi na labarin. Abin da za mu bi yau ke nan.

Mu fara raba abu biyu

Akwai abubuwan da suka faɗo rana ɗaya don dacewa kawai. Ranar 1 ga Oktoba 1908 kamfanin Ford a Amurka ya fito da motarsa Model T, wadda ta sa talaka ma ya fara mafarkin mallakar mota. Ranar 1 ga Oktoba 1949 Mao ya tsaya a dandalin Tiananmen ya ayyana kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin. Ranar 1 ga Oktoba 1964 Japan ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka. Babu abin da ya haɗa waɗannan. Kwana 365 ne kacal a shekara, duniya kuma cike take da al'amura, dole su yi karo. Masu lissafi ma sun nuna cewa in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi.

Na Sin ɗin dai yana taɓa mu ta wata hanya. 'Yan kasuwar waya na Farm Centre da masu kawo kaya Kantin Kwari sun san cewa makon farko na Oktoba ba a cika samun aiki a can ba, don hutun ranar ƙasa suke yi na kusan mako guda. Rana ɗaya muke biki da su, sun girme mu da shekara 11 kawai.

Sai kashi na biyu: ranar da ake zaɓa da gangan. Misali, Jihar Arewa ta karɓi mulkin cikin gida ranar 15 ga Maris 1959, kuma ranar 15 ga Maris 1903 ce Turawa suka ci Sakkwato. Ba dacewa ba ce, saƙo ne. Haka 1 ga Oktoba take a Najeriya. Masu mulki ne suka riƙa komawa gare ta, saboda sun san ranar ce kowa yake kasa kunne a rediyo. Shi ya sa ta zama ranar alƙawari.

Daga 1954 zuwa 1963

Abin bai ma fara daga 1960 ba. Ranar 1 ga Oktoba 1954 tsarin mulkin Lyttelton ya fara aiki, wanda ya mai da Najeriya tarayya mai jihohi uku, kowace da firimiyanta: Sardauna Ahmadu Bello a Arewa, Awolowo a Yamma, Azikiwe a Gabas. Duk wata muhawara da kuke ji yau kan rabon arziki da ikon jihohi, tushenta yana nan.

Da aka zo maganar 'yanci, shugabanninmu watan Afrilu na 1960 suka nema. Ingila ce, a taron Landan na 1958, ta tsayar da 1 ga Oktoba. A daren 30 ga Satumba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Balewa, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore, wadda wani ɗalibi mai suna Taiwo Akinkunmi ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, ta miƙa takardun mulki ga Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. A nan Kano, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ne a kan karaga. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu da kusan wata biyu, su 3 ga Agusta suka samu nasu.

Shekara ɗaya cif bayan nan, wani abu ya faru da ba a cika koya mana a makaranta ba. Yankin Kamaru da Ingila take riƙe da shi an yi masa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairu 1961. Ɓangaren arewa, wato su Mubi da Gwoza da Ganye da tsaunin Mambila, suka zaɓi Najeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni a matsayin Lardin Sardauna. Ɓangaren kudu, su Bamenda da Buea, suka zaɓi Kamaru ta Ahmadu Ahijo, suka haɗe da ita ranar 1 ga Oktoba 1961. Shi ya sa 'yan awaren wannan yanki suka zaɓi 1 ga Oktoba 2017 suka ce sun ɓalle, rikicin da ya koro dubban mutane zuwa Najeriya.

Sai 1 ga Oktoba 1963, ranar da ƙasar ta zama jamhuriya. Mutane da yawa ba su san cewa daga 1960 zuwa 1963 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasarmu a takarda ba. A wannan rana aka yanke igiyar, Azikiwe ya zama shugaban ƙasa. A cikin watan ne kuma aka naɗa Alhaji Ado Bayero Sarkin Kano.

Babin da ba ma son tunawa

Yanzu zan faɗi wani abu mai nauyi, kuma ina roƙon a saurara da zuciya ɗaya. A Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshi suka kashe Sardauna da Tafawa Balewa da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A watan Mayu Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da doka ta 34. A watan Yuli sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa. Ƙasa ta ɗauki zafi, jita-jita ta yi yawa.

Ranar Asabar 1 ga Oktoba 1966, shekara shida cif da 'yanci, sojojin bataliya ta biyar da ke Kano suka yi bore. Aka karkashe 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin sama, da tashar jirgin ƙasa, da Sabon Gari. Mafi yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da iyalansu, masu neman hanyar komawa gida, ba su da hannu a kisan Janairu. Wannan kashe-kashe, da irinsa a wasu garuruwan Arewa, na cikin manyan abubuwan da suka kai ga ayyana Biyafara a Mayu 1967 da yaƙin da aka shafe wata 30 ana yi.

Me ya sa na kawo wannan a ranar murna? Saboda a garinmu aka yi, kuma da jita-jita aka hura wutar. A lokacin rediyo ne da bakin mutane. Yau kowa da waya a hannu, saƙo ɗaya sai ya zagaye Kano kafin la'asar. Wanda ya san 1966 zai yi tunani sau biyu kafin ya tura abin da bai tabbatar ba.

Alƙawarin da aka karya, da wanda aka cika

Bayan yaƙi, ranar 1 ga Oktoba 1970, Janar Gowon ya fito da shiri mai manufofi tara, ya ce soja za su miƙa mulki a 1976. Mutane suka yi ta lissafi. Ranar 1 ga Oktoba 1974, a irin wannan jawabi, ya ce 1976 ba za ta yiwu ba, kuma bai sa wata ranar ba. Wata goma bai cika ba aka hamɓarar da shi, ranar 29 ga Yuli 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala.

Wanda ya hau ɗan Kano ne, Murtala Ramat Muhammad. Ranar 1 ga Oktoba 1975, ranar da Muhammad Ali da Joe Frazier suke dambensu na uku a Manila, Murtala ya yi wa ƙasa jawabi ya shimfiɗa matakai biyar: ƙirƙiro jihohi, rubuta sabon tsarin mulki, gyaran ƙananan hukumomi, ɗage takunkumin siyasa, sannan zaɓe. Ya sa rana: 1 ga Oktoba 1979.

Ku lura da bambancin. Gowon buri ya faɗa, Murtala jadawali ya bayar, kowane mataki da lokacinsa, ta yadda kowa zai iya dubawa ya ga ko ana kan hanya. A cikin watan aka ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19, aka kuma sanar da cewa za a mai da babban birni Abuja. Kwana goma bayan nan, ranar 13 ga Fabrairu, aka harbe shi a Legas. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a mulki. Amma saboda an riga an rubuta ranar, kuma duk ƙasa ta ji, Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka ci gaba da jadawalin har ƙarshe.

Lissafin da ya tsaya a kan Kano

Wannan ɓangaren shi na fi so, don kamar darasin lissafi ne aka kai kotu. Zaɓen shugaban ƙasa na Agusta 1979 jam'iyyu biyar ne: NPN ta Shehu Shagari, UPN ta Awolowo, NPP ta Azikiwe, GNPP ta Waziri Ibrahim, da PRP ta Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin koyarwa da ke nan titin Zariya yake ɗauke da sunansa.

Doka ta ce bai isa ka fi kowa ƙuri'a ba, sai ka samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne. To nawa ne biyu bisa uku na 19? 12 ne da biyu bisa uku. Shagari ya samu kashi 25 a jihohi 12 babu gardama. Jiha ta 13 ita ce Kano, kuma Kanawa sun bi Malam, Shagari bai kai kashi 20 ba, 19.94 ya samu.

Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, tunda 12 ba ta kai ba to 13 ake nufi, don haka sai an je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, doka 12 da biyu bisa uku ta ce, don haka a jiha ta 13 abin da ake buƙata shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'un, wanda ya kama kusan kashi 16.7 na duka. Shagari ya wuce haka a Kano. Ranar 26 ga Satumba 1979, saura kwana biyar rantsuwa, Kotun Ƙoli ta amince da nasarar Shagari. Wato kun ga, ƙuri'un da iyayenmu da kakanninmu suka jefa a nan su ne aka auna makomar ƙasa da su. Duk mai ce muku ƙuri'arsa ba ta da amfani, ku ba shi wannan labari.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki, daidai ranar da Murtala ya faɗa shekara huɗu baya. A Kano aka rantsar da Muhammadu Abubakar Rimi, matashi ɗan shekara 39, a Kaduna kuma Balarabe Musa, dukkansu 'yan PRP. Cikin abubuwan farko da suka yi akwai soke haraji da jangali. Ku tambayi duk wani dattijo da ya taso a ƙauye me haraji yake nufi: magidanci ya sayar da hatsin da zai ci ko akuyarsa don ya biya, wani ya gudu ci-rani don tsoron dagaci. NEPU ta shekara da shekaru tana yaƙi da wannan, PRP ta gaje ta ta yi alƙawari, da ta hau ta cika. A zamanin Rimi ne kuma aka kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira da sunansa, aka kuma buɗe hukumar yaƙi da jahilci.

Ranar 1 ga Oktoba 1983 aka sake rantsar da Shagari, a Kano kuma Sabo Bakin Zuwo ya karɓi gwamna. Wata uku kacal suka yi. Ranar 31 ga Disamba soja suka dawo, Janar Buhari ya hau.

Ranar da aka yi ta ɗagawa

Janar Babangida da ya zo a 1985, ya ce zai miƙa mulki a 1990. Aka ɗaga zuwa Oktoba 1992, aka sake ɗagawa zuwa Janairu 1993, aka kuma kai Agusta 1993. A tsakani aka yi zaɓen 12 ga Yuni, tsakanin Abiola da ɗan Kano Bashir Tofa, aka soke shi.

Sai wani ɗan Kano kuma, Janar Sani Abacha. Ranar 1 ga Oktoba 1995 ya sanar da shirin shekara uku, ya ce farar hula za su karɓa ranar 1 ga Oktoba 1998. A jawabinsa na 1 ga Oktoba 1996 ya ƙirƙiro jihohi shida: Zamfara daga Sakkwato, Gombe daga Bauchi, Nasarawa daga Filato, Ekiti daga Ondo, Bayelsa daga Ribas, Ebonyi daga Abiya da Inugu. Jihohi suka cika 36, kuma har yau ba a ƙara ko ɗaya ba. Da wannan rabon ne ƙananan hukumomi suka kai 774, Kano tana da 44, ciki har da Tarauni da sakatariyarta take nan Unguwa Uku. Don haka ɗan Gusau ko ɗan Gombe biki biyu yake yi a rana ɗaya.

Miƙa mulkin fa? A farkon 1998 duka jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista suka ce Abacha ne ɗan takararsu. Allah ya yi masa rasuwa ranar 8 ga Yuni 1998, saura kusan wata huɗu ranar ta cika, aka kawo shi Kano aka binne. Janar Abdulsalami ya tsara nasa shirin ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu 1999. Tun daga nan rantsar da shugabanni ya bar Oktoba ya koma Mayu. Daga baya Buhari ya mai da ranar dimokuraɗiyya 12 ga Yuni. Wannan ne dalilin da ya sa mu da muka taso bayan 1999 muke ganin 1 ga Oktoba kamar hutu ne kawai da faretin 'yan makaranta. An kwashe mata ayyukan da take yi.

Ko a wannan zamanin ma ba ta rabu da tarihi ba. Ranar 1 ga Oktoba 2010, ana bikin cika shekara 50, bama-bamai suka tashi a cikin motoci kusa da dandalin Eagle a Abuja, aƙalla mutum 12 suka rasu. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta ɗauki alhaki.

To me za mu ɗauka?

Ku jera su ku gani. Gowon ya yi alƙawari a 1970, ya janye a 1974. Murtala ya yi a 1975, aka cika a 1979 bayan ransa. Babangida ya yi ta matsar da rana. Abacha ya sa 1998, bai kai ba. Rimi da Balarabe sun ce za su soke haraji, suka soke. Duka a rana ɗaya ta kalanda, amma sakamako daban-daban. Alƙawarin da ya tsaya shi ne wanda aka sa masa rana da matakai, kuma jama'a suka riƙe shi a ka suna ƙirga. Bahaushe ya ce alƙawari kaya ne, amma sai da mai tuni ake sauke shi.

Har yanzu duk safiyar 1 ga Oktoba shugaban ƙasa yana yin jawabi, gwamnoni ma haka. Yawancinmu ba ma saurara, sai dai mu ga gutsure a Facebook ko TikTok mu yi dariya mu wuce. Shawarata a bana ita ce: ka saurari jawabin har ƙarshe, ka buɗe wayarka ka rubuta abu uku da aka ce za a yi, da ranar da aka ce za a gama. In ba a sa rana ba, shi ma ka rubuta cewa ba a sa ba. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, ka buɗe ka duba. Haka za ka yi wa gwamna, haka za ka yi wa shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓarka, wanda gidansa ma ka sani.

Ga ƙannenmu masu babura kuma, a yi murna amma a bi a hankali. Titin Zariya manyan motoci ne suke bi dare da rana, kuma babu uwar da take son ta kwana a bakin gadon asibiti saboda bikin tuta. In kana da kaka ko kakan da ya ga 1960 ko 1979 da idonsa, ka zauna da shi ranar hutun nan ka tambaye shi inda yake a ranar, da abin da aka ce musu za a yi. Ka ɗauki muryarsa a waya, don irin wannan labarin ba ya cikin littafin makaranta.

Nan za mu dakata. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.